Tambayoyinku: Makin JAMB, Kari-oba da Koyon Walda a Panteka

Wasiƙun wannan karon yawancinsu daga cikin garin Kaduna suka fito, kuma kusan kukan ɗaya ne: yaro yana da ƙoƙari, iyaye sun kashe abin da suke da shi, amma tafiya ta tsaya cak a kan wani ɗan abu da ba wanda ya lura da shi tun da wuri. Mun taƙaita tambayoyin, mun kuma sakaya sunayen masu su.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana ya rubuta JAMB sau biyu, bara ya ci 226, bana 241. Likitanci yake nema, amma har yau shiru. Yanzu wani mutum ya ce in kawo naira dubu ɗari uku ya sama masa gurbi ta hannun wani babba. Mahaifinsu ya rasu, da ɗinki nake riƙe da su. In bayar? (Wata uwa, Tudun Wada)

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya jiƙan maigida, ya albarkaci abin da ya bari. Kada ki bayar, ko sisin kwabo.

Tun shekarar 2017 duk wani gurbin karatu na gaba da sakandare ta shafin JAMB mai suna CAPS yake bi. Makaranta ce ke gabatar da sunan yaro, JAMB ta amince, shi kuma yaron ya shiga shafinsa ya danna cewa ya karɓa. Duk takardar da ba ta bi ta nan ba, ko da hatimi goma ne a jikinta, hukuma ba ta san da ita ba. Masifar kuma ba ranar take fitowa ba. Sai yaro ya ƙare shekarunsa, lokacin tafiya bautar ƙasa ya yi, a nemi sunansa a jerin ɗaliban da JAMB ta sani a rasa.

Ki zaunar da shi a gabanki, ya buɗe shafinsa da imel da lambar sirrin da ya yi rajista da su, ku duba tare. A fara da sakamakon WAEC ko NECO: yana kan shafin kuwa? Yara da yawa suna cike fom tun sakamakonsu bai fito ba, sai a rubuta musu cewa suna jira. Sakamako ya fito, a yi murna a gida, a manta ba a koma an ɗora shi ba. Muddin ba ya kan CAPS, makaranta ba ta da ikon gabatar da sunan yaro, ko da 300 ya ci. Gyaran ba wuya: ya ɗauki sakamakon ya je ofishin JAMB ko cibiyar jarrabawar kwamfuta da JAMB ta amince da ita, a ɗora, kuma kada ya tashi daga kujerar sai ya ga darussansa da makinsu sun bayyana da idonsa. Idan ya ba mai kafe kawai ya juya, ba shi da tabbas.

Sai darussa. Likitanci yana buƙatar Turanci, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji a JAMB, sannan kiredit a waɗannan huɗun haɗe da Lissafi a sakamakon sakandare. Kiredit daga A1 ne zuwa C6. D7 da E8 ba kiredit ba ne, duk da cewa ba a kiran su faɗuwa. Jami'o'i da dama kuma suna so mai neman likitanci ya haɗa biyar ɗin a zama ɗaya, ba a haɗo WAEC ta bara da NECO ta bana ba.

Idan duk wannan daidai yake, to maganar maki ce, kuma a nan sai an daure an ji gaskiya. Makin da ake shelantawa a rediyo, kamar 150 da aka tsayar wa jami'o'i a 2025, izinin shiga layi ne kawai. Hukumar kula da likitoci ta ƙasa, MDCN, ita ke ƙayyade wa kowace jami'a yawan ɗaliban likitancin da za ta ɗauka, kuma masu nema sun ninka guraben sau da yawa. Jami'o'in tarayya suna raba gurabensu kashi uku: 45 cikin ɗari ga waɗanda suka fi maki daga ko'ina, 35 ga jihohin da ke yankin jami'ar, 20 ga jihohin da aka baro a baya a ilimin boko. Ko a kason jiha ma da zaƙaƙuran 'yan jiharsa zai fafata, bayan an haɗa makin JAMB da na tantancewar jami'a. 241 maki ne mai kyau, a yaba masa. Amma ga likitanci a babbar jami'a irin ABU Zariya, da wuya ya kai.

A ganinmu kada ya ƙara shekara ta uku a zaune. Makin JAMB na shekara ɗaya ne, in ta wuce ya mutu. Tun makarantu ba su rufe ɗauka ba, zai iya biyan kuɗin canjin kwas ko canjin makaranta a cibiyar da aka amince da ita, ya koma kwas ɗin da makinsa zai yi tasiri. Ya sani dai cewa jinya, haɗa magunguna da gwajin jini su ma cunkoso ne, kuma wanda ya shiga Bayokemistiri ko Fiziyoloji da niyyar tsallakawa likitanci daga baya, babu wanda ya lamunce masa hakan. Ya zaɓi abin da zai iya zama a cikinsa har ƙarshe. Akwai kuma IJMB, shirin da ABU ke kula da shi, inda ake karanta darussa uku na kusan shekara guda, wanda ya ci da kyau ya nemi shiga aji biyu kai tsaye ta fom ɗin JAMB na masu shiga kai tsaye. A tabbatar cibiyar da za a kai shi tana cikin waɗanda aka amince da su, don na bogi sun yi yawa. Idan kuwa aikin asibiti ne a ransa ko ta wace ƙofa, ga kwalejin kimiyyar lafiya ta Shehu Idris a Maƙarfi, ga kwalejin jinya ta jiha a Kafanchan.

In ya nace sai ya sake rubutawa, to ya canza salon shiri. Tambayoyi 180 ne a cikin awa biyu: 60 na Turanci, 40 a kowane ɗaya daga sauran ukun. Daƙiƙa 40 ke nan ga kowace tambaya. Yaron da ya san karatu amma bai saba da agogo ba, yana tsaka da lissafin Fiziks kwamfuta za ta rufe. Ya sauke manhajar JAMB ya bi ta maudu'i bayan maudu'i, ya riƙa gwada cikakkiyar jarrabawa a kwamfuta sau ɗaya a mako da agogo a gefe, ya kuma ware littafi guda da ba ya rubuta komai a ciki sai tambayoyin da ya faɗi da dalilin faɗuwar. Ya fara kawar da Bayoloji da Turanci da sauri, ya tara mintoci ga masu lissafi. Layin wayar da ya yi rajista da shi kuma ya riƙe shi kamar katin banki, don duk saƙon JAMB ta nan yake zuwa. Kaɗan daga cikin kuɗin da mutumin nan ya nema ya ishe ki duk wannan hidima, Hajiya, sauran ki bar shi a jarin ɗinkinki.

Tambaya: 'Yata za ta shiga SS1. Ni ajin kimiyya nake so mata, ita kuma ta ce lauya take son zama. Yaya za mu yi? (Magidanci, Badarawa)

Amsa: Alhaji, ɗauko katin sakamakonta na shekara ukun ƙaramar sakandare, ka duba Lissafi da Kimiyya kaɗai. Idan zango tara tana jan ƙafa a Lissafi, kai ta ajin kimiyya don a ce 'yar wane tana kimiyya zalunci ne, domin Fiziks da Kemistiri a kan Lissafi suke tsaye. Idan kuwa tana ci, to zaɓi biyu gare ta, sai a saurari ra'ayinta.

Daga ƙarshe ake faro wannan lissafi. A buɗe kundin JAMB na kwasa-kwasai, yana kan shafinsu kyauta, a duba abin da kwas ɗin da take so yake buƙata, sannan a zaɓi darussan SS1. Mai son lauya, a yawancin jami'o'i, sai da kiredit a Adabin Turanci, kuma shi ne darasin da yara ke gudu saboda yawan karatun littattafai, sai ranar cike fom a ga ƙofa ta rufe. Mai son akanta yana buƙatar Lissafi da Tattalin Arziki. Injiniya sai da Lissafi, Fiziks da Kemistiri.

Ka kuma je makarantar da ƙafarka. Tambayi shugaban makaranta: wa ke koyar da Adabin Turanci, sau nawa a mako? In kimiyya ce, ka ce a buɗe maka ɗakin gwaje-gwaje ka gani, domin WAEC da NECO suna da jarrabawar gwaji da hannu, kuma yarinyar da ba ta taɓa riƙe kwalbar awo ba sai ranar jarrabawa, hannunta rawa zai yi. Idan aka ga an yi kuskuren aji, a canza a zangon farko na SS1. Bayan nan gibin darussan da ta rasa yana da wuyar cikewa.

Tambaya: Ina aji biyu a jami'a. Na gama aji ɗaya da matsakaicin maki, wato CGPA, 2.00, da kari-oba biyu, wato kwasa-kwasan da na faɗi sai na sake. Da rana ina zaman shagon POS na yayana don in haɗa kuɗin rajista, shi ya sa nake rasa lacca. Abokaina sun ce kada in damu, a aji uku da huɗu ake gyarawa. Gaskiya ne? (Ɗalibi, Unguwar Mu'azu)

Amsa: Ƙanenmu, ɗauko biro da takarda mu yi lissafin tare, sai ka yanke hukunci da kanka.

A tsarin maki biyar, A daga 70 ne zuwa sama, tana ba da 5. B daga 60 zuwa 69, tana ba da 4. C daga 50 zuwa 59, 3. D daga 45 zuwa 49, 2. E daga 40 zuwa 44, 1, a jami'o'in da ke amfani da ita. F sifili ce. Ana ninka makin kowane kwas da yunit ɗinsa, wato nauyin da aka ba kwas ɗin, a tara, a raba da jimillar yunit ɗin da ka yi rajista. A ce kwas huɗu ka ɗauka: mai yunit 3 ka ci C, 9 ke nan, mai yunit 2 ka ci A, 10, mai yunit 1 ka ci B, 4, wani mai yunit 3 ka faɗi, sifili. Jimilla 23, a raba da 9, ka tashi da 2.56. Da a ce wancan da ka faɗi C kawai ka samu, da jimillar ta zama 32, ka tashi da 3.56. Dubi ɓarnar F guda ɗaya a kwas mai nauyi: ta cinye maki ɗaya cur.

Yanzu ga naka. A ce kwas ɗinka na shekara huɗu ne, yunit 36 a kowace shekara, 144 gaba ɗaya. 2.00 a yunit 36 na nufin maki 72 ka tara. Digiri mai daraja ta biyu babba, wato 2:1, daga 3.50 yake farawa, don haka kana buƙatar 504 a ƙarshe. Saura 432 a yunit 108, wato 4.00: matsakaicin B a kowane kwas, shekara uku a jere. Da wahala, amma ana yi. To in ka bi shawarar abokai, bana ma ka sake tashi da 2.00 fa? Za ka shiga aji uku da maki 144, saura 360 a yunit 72. Raba ka gani: 5.00. Sai ka ci A a kowane kwas, ba kuskure ko ɗaya, shekara biyu. Wannan shekarar da kake ciki ita ce ta gyara, bayanta ƙofar 2:1 ta kusa rufewa, sai dai a yi kokawar riƙe 2:2 da ke farawa daga 2.40. Ma'aikatu da masu ba da tallafin karatu da yawa kuwa 2:1 suke fara tambaya.

Kari-oba su ake fara yi wa rajista kafin sababbin kwasa-kwasai. Akasari ba a wuce yunit 24 a zango, don haka kada ka cika wa kanka kaya. Je wurin malamin da ke kula da ajinku ku tsara tare, musamman in ɗaya daga cikin waɗanda ka faɗi sharaɗi ne na shiga wani kwas na gaba. Ka halarci laccar kari-oba tare da 'yan aji ɗaya, ka ajiye kunya, domin malami na iya canza abin da ya koyar bara. Gwaje-gwajen cikin zango suna ɗauke da maki 30 ko 40 cikin ɗari. Wanda ya shiga jarrabawa da 28 cikin 40 a aljihu, 32 kawai yake nema ya ci B. Wanda ya rasa gwaji saboda yana shago ya shiga da 8, ko ya yi ƙoƙari a jarrabawa C ce ko D za ta tare shi. Kuma dokar yawancin jami'o'i ita ce sai ka halarci kashi 75 cikin ɗari na lacca kafin a bar ka ka zauna jarrabawa.

Tushen matsalarka kuɗi ne, to a taɓo can. Akwai asusun lamunin ɗalibai na tarayya, NELFUND, da ya fara aiki a 2024 don ɗaliban makarantun gwamnati. Babu ruwa a kansa. Kuɗin makaranta ana tura shi kai tsaye ga makarantar, wanda ya nemi na kashewa kuma ana ba shi naira 20,000 a wata. Za ka buƙaci lambar JAMB, NIN, BVN da lambar ɗalibtarka, kuma sai makarantarku ta riga ta tura musu bayananka. Ka nema da kanka a shafinsu, ba a biyan kowa ko kwabo, kuma ka nema tun kafin lokacin rajista ya matso. Bashi ne fa, ba kyauta ba: ana fara biya shekara biyu bayan bautar ƙasa, ana cire kashi goma cikin ɗari na abin da kake samu. Ka kai wa Yaya wannan lissafin a rubuce, ka roƙe shi ya mayar da zamanka na shago yamma da Asabar da Lahadi. Idan ya ga alƙaluman da idonsa, ba ma zaton zai ƙi.

Tambaya: Shekara biyu da gama sakandarena, kiredit uku na samu. Ina so in koyi walda a Panteka, kasuwar masu aikin ƙarfe ta Kaduna, amma Baba ya ce sai dai in sake jarrabawa, wai sana'ar hannu ta waɗanda boko ya ƙi ce. Na gaji da zaman majalisa. (Matashi, Rigasa)

Amsa: Kai da Baba kowa ya riƙe rabin gaskiya, kuma ana iya haɗa biyun. WAEC da NECO duk suna da jarrabawar masu zaman kansu, NABTEB ma haka, ita da ma ta fi karkata ga sana'o'i. Ba sai ka koma aji ba. Ka mayar da hankali kan darussan da suka kā da kai, musamman Turanci da Lissafi, ka haɗa da sakamakonka na farko, tunda mafi yawan kwasa-kwasai suna karɓar zama biyu. Da safe Panteka, bayan Magariba littafi. Kada ka tunkari Baba da gardama. Sami kawu ko baffan da yake jin maganarsa, ka zayyana masa tsarin, shi ya kai.

A kuma sanar da Baba cewa sana'ar hannu tana da takardunta. Ma'aikatar ƙwadago ta tarayya tana yin gwajin sana'a mai mataki uku, ana farawa daga na uku, a hau na biyu, a ƙare a na ɗaya. Hukumar NBTE mai kula da ilimin fasaha, wadda hedikwatarta ke nan Kaduna, tana da tsarin shaidar ƙwarewa da ake kira NSQ, inda aikin hannunka ake dubawa a ba ka shaida. In kiredit ɗinka suka cika kuma, ga Kaduna Polytechnic kusa da tsohuwar Panteka. Ɗalibin injiniya da ya shigo ya riga ya iya riƙe sandar walda, tafiyarsa daban ce.

Zaɓen maigida shi ne rabin aikin. Kafin a kai ka, ka je wurin sau biyu ko uku ka tsaya gefe ka yi kallo. Yaran da suka shekara a wurin suna taɓa inji, ko aike da goge tsatsa kawai suke yi? Mutum nawa ya yaye, ina suke yanzu? Masu ba da aiki da fara'a suke zuwa karɓar kayansu ko da faɗa? Ranar da za a damƙa ka, Baba ko wakilinsa ya je da shaidu, a yi magana a fili, a rubuta: shekara nawa, ƙarfe nawa ake zuwa da tashi, akwai kuɗin abinci da na mota ko babu, za a ba ka hutun jarrabawa, me ake yi ranar yaye. Abin da ba a faɗa ranar farko ba shi ke zama rigima a shekara ta uku.

A aikin kansa, awo ne gaba da walda. Ka iya karanta tef a inci da milimita har ya zama ba ka tunani. In ka haɗa firam ɗin ƙofa, auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta, sannan ka auna ɗaya ɓangaren. In awon biyu bai zo ɗaya ba, ƙofar a karkace take, kuma a gidan mai ita za ta tona maka asiri. Ana fara ɗiga walda kaɗan-kaɗan a kusurwoyi, a sake aunawa, sannan a bi a cike, saboda zafi yana jan ƙarfe. Sanda mai lamba 12 ta siririn bututu ce, mai lamba 10 ta ƙarfe mai kauri. Wuta ta yi yawa, ka huda bututun. Ta yi kaɗan, sanda ta riƙa mannewa, waldar ta hau sama ba ta kama ciki ba. Sandar da ta sha sanyin damina tana barin ƙananan ramuka a cikin walda, don haka a ajiye ta inda yake bushe. Kullum ka kankare ɓawon da ke kan waldar ka duba abin da ke ƙasa, kada ka rufe aibi da fenti.

Idonka kuwa ba shi da safaya. Baƙin tabarau na kasuwa ba ya tare hasken walda. Abin rufe fuska mai gilashi lamba 10 zuwa 12 ake so, ko da kai za ka saya da kuɗinka. Wanda hasken ya ƙona ba ya ji nan take, sai tsakar dare ya farka kamar an zuba masa yashi a ido. In ta faru a je asibiti, kada a ɗiga wani abu da aka ji a majalisa. Kada ka cire murfin kariya na injin yankan ƙarfe, kada ka taɓa wayar da ta ɓare da jiƙaƙƙen hannu, kuma ko maigida ne ya sa ka, kada ka kai wuta jikin tanki ko duron da ya taɓa ɗaukar fetur don an ce ba komai a ciki. Tururin da ya rage shi ke fashewa. Duk wanda ya miƙo maka ƙwaya wai don ƙarfin aiki, ka gode masa ka wuce.

Abu ɗaya da za ka fara koya tun kana yaron shago shi ne yanka farashi, don shi ke kā da ƙwararru bayan yaye. A ce kayan ƙofa sun ci naira 60,000. Sabon maƙeri sai ya ce 75,000, yana ganin ya ci 15,000. Bai sa sandunan walda ba, bai sa faifan yanka ba, bai sa man janareta, fenti, kuɗin ɗauko kaya da ladan yaron da ya taya shi ba. In ya cire waɗannan sai ya ga kwana uku ya yi wa mutum aiki kyauta. Ka sayi ƙaramin littafi, duk aikin da aka kawo shagon ka rubuta kayan da ya ci da kwanakin da ya ɗauka. Kuɗin kafin alƙalami kuma na kayan mai aiki ne, ranar da aka ba ka ranar za ka sayo su.

Tambaya: A WAEC sunana Muhammad, a NIN Mohammed, shekarar haihuwata ma ta bambanta da ɗaya. Zai zama matsala? (Mai shirin JAMB, Hayin Banki)

Amsa: Zai zama, kuma yanzu ne gyaran ya fi araha. JAMB daga rumbun NIMC, hukumar da ke ba da NIN, take ɗauko sunanka da ranar haihuwarka, ba abin da ka faɗa wa mai cike fom ba. Makaranta za ta gwama wannan da WAEC ranar tantancewa, hukumar bautar ƙasa, NYSC, ta sake gwamawa, banki da mai ɗaukar aiki su ma haka. Shekarar haihuwa ta fi harafin suna haɗari, domin wanda ya haura shekara 30 lokacin kammala digiri takardar yafewa ake ba shi, ba ya zuwa bautar ƙasa.

Baza takardunka duka a tabarma: ta haihuwa daga hukumar ƙidaya, ta firamare, ta ƙaramar hukuma, WAEC, NIN, BVN. Ɗauki rubutun da ya dace da takardar haihuwa da WAEC, tunda su ne masu wuyar canzawa, ka je ofishin NIMC ko shafinsu na gyara a daidaita NIN da shi. Takan ɗauki lokaci, don haka a yi tun ba a fara sayar da fom ba, kuma sai gyaran ya bayyana sannan ka tura saƙon neman lambar rajistar JAMB zuwa 55019 ko 66019. Takardar rantsuwa ta kotu tana taimakawa wajen bayani, amma ba ta canza abin da ke cikin kwamfuta. Jerin sunayen ma a kula da shi: wanda ya zo a matsayin sunan mahaifi a nan, kada ya koma sunan tsakiya a can.

Tambaya: Ina shekarar farko ta ƙaramar difloma, wato ND, ana maganar sa ranar aurena. Ya yi mini alkawari zan ci gaba da karatu, amma yayata ma haka aka yi mata, tana tarewa maganar ta mutu. (Ɗaliba, Kawo)

Amsa: Allah ya sanya alheri, ƙanwarmu. Alkawarin da aka yi a wurin zance ku biyu kaɗai kuka ji shi. Ki gaya wa Mama, ta gaya wa Baba, maganar ta hau kan waliyyai kafin a sa rana, a faɗe ta gaban shaidun ɓangare biyu, a rubuta. Kuma kada a tsaya a “za ta ci gaba”. Wa zai biya rajista da kuɗin mota? A wace unguwa za ki zauna, mota nawa ce zuwa makaranta? Ya san wata laccar tana kaiwa yamma lis? Ya san akwai watanni huɗu na koyon aiki a ma'aikata a cikin ND, da shekara guda ta aiki kafin a koma babbar difloma, HND? Mahaifiyarsa ta sani ta kuma yarda? Sau da yawa ba mugunta ke kashe karatun amarya ba, mijin ne ya amsa abin da bai san girmansa ba.

A sa biki a cikin hutu, nesa da jarrabawa. Kada ki canza suna a takardun makaranta a tsakiyar karatu. Takardunki na asali ki ɗauki hotonsu ki adana a imel, ki kuma riƙe asusun banki da sunanki. In ciki ko haihuwa suka zo daidai da jarrabawa, kada ki ɓace kawai. Rubuta takardar neman ɗage zango ta hannun shugaban sashenku tun kafin a fara, ki haɗa da shaidar asibiti, ki karɓi kwafin da aka buga wa hatimi. Wadda ta rubuta, in ta dawo daga inda ta tsaya za ta ɗora. Wadda ba ta rubuta ba, F za ta tarar a jere.

Kafin a sa ranar kuma ku je gwajin jini ku biyu: ƙanjamau, ciwon hanta nau'in B, da rukunin jini na sikila. Idan ke AS ce shi ma AS, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS. Lissafin sabo ne a kowane ciki, ba wai in an haifi ɗaya mai sikila sauran ukun sun tsira ba. Ku yi gwajin a asibitoci biyu daban-daban, kowa ya karɓi sakamakonsa a gaban ɗan'uwansa, tun ba a kai lefe ba.